Rulman ƙafar baya na tsohuwar Corvette: hannun wa ya kamata a danƙa ma?

A ƙasar Amurka, mai tsohuwar mota ƙirar Corvette yana iya canza mata mai da kansa, ya wanke mata kaburata, har ma ya sauke inji a bayan gidansa ba tare da ya nemi shawarar kowa ba. Amma ranar da ƙafar baya ta soma gurnani, dattijon da ya shekara talatin yana riƙe da sifana shi ne za a gani ya yi tagumi, yana tambayar abokansa inda zai kai ta.

Gurnanin yana farawa ƙasa-ƙasa daga bayan kujerar direba. Yana ƙaruwa in an ƙara wuta, yana canza murya in an sha kwana. Rulma ne ya gaji, wato abin nan da makanikan Najeriya ke kira boris. Ƙarfen kansa ba wani abin tsada ba ne, kuma har gobe ana samunsa a kantuna. Abin da ke hana mai motar barci shi ne mutumin da zai ɗaura shi, domin a wannan mota aikin yana da wata ɗabi'a mara daɗi: in an rufe shi ba a iya leƙa cikinsa, ba a kuma iya gyara kuskurensa sai an lalata sabon kayan da aka sa.

Ƙirar 1963 da gadon da ta bari

Kamfanin Chevrolet, reshen General Motors, ya fito da Corvette ta farko a 1953 a garin Flint na jihar Mishigan. Guda 300 kaɗai aka ƙera a shekarar. Mota ce mai kujera biyu, mai doguwar goshi, jikinta na zaren gilashi ne da aka daskarar da danƙo, ba na farantin ƙarfe ba. Shekara goma ta yi da aksul ɗin baya guda, miƙaƙƙe, wanda ya haɗa ƙafafun biyu, irin wanda mai karatu ya sani a ƙarƙashin Peugeot 504 ta ɗaukar kaya. A 1963 aka sake ta gaba ɗaya a ƙarƙashin jagorancin injiniya Zora Arkus-Duntov, haifaffen birnin Burusel, ɗan asalin Rasha. Shi ya dage a raba ƙafafun baya, kowace ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai, don motar ta kama hanya a kwana.

An canza ma motar jiki a 1968, amma shasin da ke ƙarƙashinta ya zamna kusan yadda yake har 1982. Shekara 20 ke nan da ƙira guda, motoci fiye da 600.000. A 1979 kaɗai an ƙera 53.807. Wannan yawa ne ya sa matsalar rulman ba ta attajirai kaɗai ba ce: malaman makaranta da ma'aikatan da suka yi ritaya suna da irin waɗannan motoci, wasu sun gaje su daga iyayensu, kuma kuɗɗin da za su kashe a kansu lissafaffe ne.

Ga yadda bayan motar yake. Akwatin da ke raba ƙarfin inji ga ƙafafun biyu, wanda makanikai ke kira fon, an ɗaure shi tam ga shasi. Kardan biyu gajeru ke fita daga gare shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Kowace ƙafa tana rataye a ƙarshen wani damtsen ƙarfe da ya taho daga gaba, aka maƙale bakinsa ga shasi da ƙusa guda. A ƙarshen damtsen akwai wani gida na zubin ƙarfe, cikinsa rulma biyu, na ciki da na waje, sannan wata sandar ƙarfe mai kama da mazari ta ratsa su. Tayar tana ɗaure a kan mazarin daga waje, kardan yana juya shi daga ciki. Nauyin motar, da ƙarfin injin, da turin kwana, duka a kan waɗannan rulma biyu suke sauka. Ba a kuma bar masu ƙofar ɗura giris ba. Akwai motocin da ke yawo yau da giris ɗin da wani ma'aikaci ya shafa masu a masana'antar Sen Luwis shekara hamsin da suka wuce, ya bushe ya koma kamar tsohon sabulu.

Rabin kaurin takarda

Rulman irin mai karkata ne: ƴaƴansa ba ƙwallaye ba ne, gajerun sanduna ne masu kauri ta gefe guda, kamar kan sukari da aka yanke ma tsini. Wani maƙerin karusan doki mai suna Henry Timken ya yi rajistar wannan ƙira a 1898, a garin Sen Luwis ɗin nan da daga baya aka riƙa harhaɗa Corvette daga 1954 zuwa 1981. Irin wannan rulma yana jure nauyi ta sama da turi ta gefe, amma yana da sharaɗi guda: dole a bar mashi ɗan wasa, daidai gwargwado. In ya matse, zafi zai kama shi, giris ya narke, ƙarfe ya ci ƙarfe har ya manne ga mazarin. In ya yi sako-sako, ƙafar ta riƙa lilo tana dukan ƴaƴansa.

A ƙafar gaba wannan ba wani abu ba ne. Noti ne ke daidaita wasan: a matsa, a sassauta kaɗan, a juya tayar da hannu a ji, a sa fil. Ɗan koyo ma yana yi. A ƙafar baya ta Corvette notin ba ya daidaita kome. Ana ɗaure shi da ƙarfin da littafin kamfani ya ƙayyade, kimanin nauyin kilo 14 a bakin sanda mai tsawon mita guda, shi ke nan. Abin da ke yanke yawan wasan shi ne wani bututu da wani siririn zobe da ke zamne tsakanin rulman biyu. Kaurin zoben nan shi ne dukan aikin.

Littafin Chevrolet ya yarda da wasa daga kashi 1 zuwa kashi 8 cikin dubu na inci, wato daga milimita 0,025 zuwa 0,2. Takardar rubutu ta ofis kaurinta kimanin milimita 0,1 ne. Iyakar abin da kamfani ya halatta bai wuce takarda biyu ba ke nan, gwanayen aikin kuwa ba su yarda da ko wannan: suna neman kusan kashi 2 cikin dubu, rabin kaurin takarda guda. Zobban da ake saidawa suna hawa ne da tazarar kashi 6 cikin dubu tsakanin wannan da na gaba da shi, sabili da haka mai zaɓa daga cikin kwali kawai zai faɗa cikin iyakar littafi, amma ba lalle ya faɗa inda ake so ba. Gwani yana ɗaukar zobe mai kauri ya wasa shi a kan injin goge ƙarfe har ya kai adadin.

Inda gizo ke saƙar shi ne rulman ba ya shiga mazarin da hannu. Da injin matsi ake tura shi, ya kama kam. In an harhaɗa kome, aka auna, aka tarar zoben bai yi ba, sai an sake fitar da mazarin da ƙarfin tsiya, kuma da wuya sabon rulma da robar da ke tsare giris su fito lafiya. Maganin da masu sana'ar suka samo shi ne mazarin gwaji: sanda mai siffar na ainihi, amma an rage mata kauri kaɗan yadda rulma zai zame a kanta. A kanta ake jera kayan ba giris, domin giris yana ɓoye wasa, a ɗaure noti, a kafa agogon awo mai allura da ke nuna kashi ɗaya cikin dubu, a tura a jawo, a karanta. A kwance, a canza zobe, a sake. Sai adadin ya zamna ake cika rulman da giris a matsa su a kan mazarin gaskiya, sau ɗaya tak.

Abin da ya haɗa rulma da birki

Da gurnani ne kaɗai illar aikin banza, da mutane da yawa sun haƙura da shi. Amma tun daga 1965 Corvette tana da birkin faifai a ƙafafu huɗu, kuma maƙallin birkin a kafe yake, ba ya motsi, da fistan huɗu a cikinsa da ke sa takalman birki su riƙa shafar faifan a kowane lokaci. In faifan yana karkacewa yayin da yake juyawa, ko don shi kansa ya goce ko don rulma yana wasa, sai ya riƙa tura fistan ɗin ciki da waje sau ɗaruruwa a minti guda. Robar bakinsu, irin ta asali, takan zama kamar famfo, tana zuƙo iska cikin man birki. Mai mota ya fita da birki mai ƙarfi, bayan tafiyar ƴan kilomita ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse har ƙasa. Ya koma gareji a fitar mashi da iska, mako ya zagayo abin ya dawo. Akwai waɗanda suka canza kayan birki kaf, alhali ciwon yana cikin kaurin zobe guda.

Kamfanin ya san da haka. Shi ya sa a masana'anta ake daddale faifan a kan mazarin da ƙusoshin da ba su kwantuwa, sannan a sassaƙe su tare su zama abu guda. Mai gyara dole ya huda ƙusoshin nan kafin ya kai ga takalman birkin hannu da ke ɓoye cikin faifan. In bai yi alama ba kafin ya raba su, ya mai da faifan a wani mazauni dabam, to ya ɓata daidaiton da aka yi tun ranar ƙira. Sabili da haka awo biyu ne ke cikin aikin, na wasan rulma da na karkatar faifai, kuma wanda ya san na farko bai san na biyu ba ya yi rabin aiki.

Masu neman aikin

Wurin da hankalin baƙo zai fara zuwa shi ne babban garejin wakilin Chevrolet, mai tambari a bakin titi. Masu tsofaffin motocin ba su cika tsayawa nan ba. Daga ƙirar 1984 Corvette ta koma amfani da rulma rufaffe, wanda ake kwancewa a jefar a ɗaura sabo, ba awo ba zobe. Makanikin da ya koyi aiki bayan wannan shekara yana iya kai wa ritaya bai taɓa riƙe mazarin gwaji ba. Tambarin da ke bisa ƙofa ba ya gadon ilimin mutanen da suka bar wurin.

Garejin unguwa ya fi wuyar hukunci, domin nan ne zumunci ke shiga. Mutum ne da ya shekara goma yana duba ma iyalin motocinsu, bai taɓa cuta ba, kuɗɗinsa da sauƙi, kuma in an tambaye shi zai ce rulma ai rulma ne. Da gaskiyarsa yake faɗi, kuma nan haɗarin yake. Mazarin da ya shekara arba'in a wurinsa ba ya fita da lallashi, wani lokaci sai injin matsi mai ƙarfin tan 20 ya yi nishi kafin ya saki. Wanda ba shi da kayan aikin zai ɗauko guduma. Bugu uku a kan zaren noti, bakin mazarin ya baje kamar kan turke. In kuma ya sa shi a injin matsi bai tallafe shi inda ya dace ba, ƙarfen da ke riƙe maƙallin birki ya lanƙwashe kaɗan, yadda ido ba ya gani amma birki yana ji. Wasu kuma, don su huta da wahalar, sukan goge mazarin da takardar yashi har rulma ya riƙa shiga da hannu. Aikin yana sauri, mai mota yana murna, amma zoben cikin rulman yana iya soma juyawa a kan mazarin yana cinsa. Masu sana'ar sun daɗe suna gardama a kan wannan dabara, sai dai mafi yawan waɗanda suka yi suna a aikin ba su yin ta.

Ba a ce kowane makaniken unguwa haka yake ba. Akwai tsofaffin hannu a ƙananan garuruwa da suka fi masu talla a mujallu iya aikin. Hanyar gane su ba ta da tsawo. Mai mota ya nemi a nuna mashi mazarin gwaji da agogon awo, ya tambayi adadin da ake nufin kai wasan. Wanda ya buɗe akwati ya fito da su, ya ambaci lamba, ana iya zamnawa da shi. Wanda ya ce hannunsa ne agogonsa, a gode mashi a bar mashi canjin mai.

Akwai ma jarrabawar da ta riga wannan. In an ɗaga motar aka kama tayar sama da ƙasa aka girgiza, aka ji tana motsi, a kowace mota sai a ce rulma ne. A Corvette ba lalle ba ne, domin kardan ɗin ba juya ƙafa kaɗai yake yi ba, shi ne kuma ke riƙe ta daga sama. In ƙarfen da ya shiga cikin fon ya cinye, ƙafar za ta yi irin wannan motsi alhali rulmanta lafiya lau. In kuma motsin na gaba da baya ne, yana iya zama robar bakin damtse. Makaniken da ya girgiza taya sau guda ya yanke farashi bai san motar ba. Wanda ya san ta zai sa wani ya girgiza, shi kuwa ya kwanta ƙasa da fitila yana kallon inda motsin ke fitowa.

Wasu masu motocin suna zaɓar su yi da kansu. Ana saida kayan aikin, wasu ƙungiyoyin masu Corvette ma suna da nasu da mambobi ke aro. Mai haƙuri da ya iya karanta agogon awo yana iya yi, kuma yana da abin da ɗan kasuwa ba shi da shi, wato lokacin da zai sake gwaji sau biyar ba wanda ke jiransa. Amma kuɗɗin kayan aikin da zai yi amfani da su sau ɗaya a rayuwarsa yana iya kusantar ladan gwani. Sannan akwai sifirin ɗin baya, wanda ke gicciye a ƙarƙashin motar a ɗane kamar baka. In an kwance ƙusar bakinsa ba a tallafe shi da jak ba, yana iya karya hannu.

Aika damtse ta gidan waya

Hanyar da da yawa suka fi natsuwa da ita raba aikin gida biyu ce. Mai mota, ko makanikensa na unguwa, ya sauke damtsen gaba ɗaya, a naɗe shi a kwali a aika ma ɗaya daga cikin ƴan tsirarun wuraren da ba su da wata sana'a sai wannan. Can za a warware shi, a kankare tsatsa, a duba ko ya goce, a sa rulma da roba da takalman birkin hannu, a auna, a maido. Makaniken unguwa bai rasa aikinsa ba, an dai ɗauke mashi ɓangaren da ba nasa ba.

Nan ma akwai zaɓi. Wuraren suna da damatsan da suka riga suka gyara, a jere. Mai gaggawa yana iya karɓar ɗaya yau, ya aika da nasa daga baya a maido mashi kuɗɗin ajiyar da ya bari. Ga mai hawa motarsa ranar Lahadi don shan iska wannan ya wadatar. Amma wasu sassan zubin ƙarfen suna ɗauke da lamba da ranar da aka zuba su, kuma akwai masu saye da alƙalan baje koli, irin na ƙungiyar masu maido da Corvette yadda take da aka kafa a 1974, waɗanda ke kwantawa ƙasa suna karanta lambobin nan. Motar da kayanta suka yi daidai da ranar ƙirarta ta fi daraja a kasuwa. Mai irin wannan mota sai ya rubuta a fili cewa nasa yake so a gyara a maido, ya ɗauki hoton lambobin kafin ya rufe kwalin, ya kuma yarda da jiran makonni.

Sauke damtsen kansa ba ƙaramin aiki ba ne, musamman ga motar da ta yi zamanta a jihohin arewa, inda ake watsa gishiri bisa hanya lokacin ƙanƙara. Ƙusar da ta maƙale bakin damtsen ga shasi takan haɗe da bututun da ta ratsa, tsatsa ta mai da su ƙarfe guda, a wani lungu da guduma ba ta samun wurin lilo. Sau da yawa sai an yanke ta da zarto. Damtsen kuma faranti biyu ne aka haɗa da walda, ruwa yana kwana tsakaninsu har ɗinkin ya buɗe. Motar da ta fito daga busassun jihohi kamar Arizona ba ta cika samun wannan ba. Shi ya sa makaniken kirki ba ya yanke farashi na ƙarshe kafin ya kwance. Yana faɗin kuɗɗin rulma da na hannunsa, sannan ya lissafa abin da ake iya tararwa a ciki: mazari da ya ƙone, gida da ya faɗaɗa, damtse da ya ruɓe. Wanda ya ba da farashi guda mai daɗi tun a waya, ko dai zai dawo da ƙari, ko ya rufe abin da ya gani.

Ana kuma tallar wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa bayan an cire kardan, a ɗura giris ta cikinsa ba tare da an warware kome ba. Yana kai giris ga rulman ciki. Na waje, wanda ke can bayan bututu, da wuya ya samu rabonsa, kuma ba giris ɗin da ke mai da ƙarfen da ya riga ya cinye.

In damtsen ya dawo, da saura. A gefe biyu na ƙusar gabansa akwai siraran faranti da ke saita inda ƙafar ta fuskanta. Mai hankali yana ƙirga su tun wajen kwancewa, ya ɗaure na ciki dabam, na waje dabam, ya mai da su yadda suke, sannan a kai motar wurin masu daidaita ƙafafu, waɗanda su ma sai an tambaye su ko sun taɓa yin irinta. Bayan tafiyar farko ta ƴan kilomita, a tsaya a kai hannu kusa da tsakiyar kowace ƙafa a gwada ɗuminsu: in ɗaya ta fi ƴar'uwarta zafi sosai, a koma. Wuraren da suka san aikinsu sukan faɗi adadin wasan rulma da na karkatar faifai da suka samu a kowane gefe. Mai mota ya nemi a rubuta mashi su bisa rasit, ya ajiye tare da takardun motar, domin mai saye na gaba zai tambaya.